MAJALISAR DOKOKIN KANO: MAI GADI CE KO 'YAR AMSHIN SHATA?

A ƙarshen kowace shekara Gwamnan Jihar Kano kan ɗauki kundin kasafin kuɗi, da rakiyar kwamishinoni da 'yan siyasa da maroƙa, ya kai gaban Majalisar Dokoki da ke Sakatariyar Audu Baƙo. A yi tafi, a ɗauki hotuna, bayan 'yan makonni a sanar a rediyo cewa Majalisa ta amince. Kasafin 2024 ya haura naira biliyan 437, na 2025 kuwa ya haura naira biliyan 719. Wannan kowa ya ji shi. Abin da ba a cika ji ba shi ne ranar da Majalisar ta zauna ta ce wa masu kashe kuɗin nan su zo su yi bayani dalla-dalla, nawa aka fitar, wa aka bai wa, me ya yi da su, kuma ina aikin yake.

Mutumin Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni ba ya buƙatar a karanta masa kundi kafin ya san akwai matsala, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Madatsar tace ruwa ta Tamburawa, wadda aka gina sabuwarta a zamanin Malam Ibrahim Shekarau don ta riƙa ba da lita miliyan 150 a rana, tana nan a kan hanyar Zariya, hanyar da ta ratsa ta bakin waɗannan unguwanni. Amma a lunguna da yawa kurar ɗan garuwa ce famfo, jarka ce bututu. Magidanci na cire kuɗin ruwa daga cikin kuɗin cefane kullum safiya, alhali ba a taɓa yin kasafin da babu kuɗin ruwan sha a cikinsa ba. To ina kwamitin Majalisa mai kula da ruwa? Wannan ita ce tambayar, kuma ba ta rashin kunya ba ce, aikin da aka ɗauke su su yi ke nan.

ABIN DA DOKARSU TA CE

Kada wani ya ce ai Majalisa ba ta da ƙarfi. Tsarin Mulkin 1999, wanda su da kansu suka yi rantsuwa za su kare, ya danƙa mata makamai masu kaifi. Sashe na 120 da na 121 sun ce ba a taɓa ko sisi daga asusun jiha sai da amincewarta. Sashe na 125 ya kafa ofishin Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha, ya ce ya binciki littattafan ma'aikatu, ya miƙa rahotonsa ga Majalisa cikin kwana 90 da karɓar bayanan Akanta Janar, Majalisa kuma ta miƙa rahoton ga kwamitinta na binciken asusun gwamnati. Sashe na 128 ya ba ta ikon binciken duk wani mutum ko ma'aikata da ke kashe kuɗin da ta ware, ya kuma faɗi dalili a fili, wato tona cin hanci da sakaci da almubazzaranci. Sashe na 129 ya ba ta ikon kiran kowa ya zo ya ba da shaida bisa rantsuwa, idan ya ƙi zuwa ba da hujja ba ta sa a kawo shi.

Wannan tsari ba a Kano aka ƙirƙiro shi ba. Daga Ingila aka kwaso shi, inda majalisarsu ta kafa irin wannan kwamiti tun 1861, kuma bisa al'adarsu ɗan jam'iyyar adawa ake bai wa shugabancinsa, don kada a bai wa kura ajiyar nama. Mahukuntan ƙasar nan sun kwaso sunan kwamitin da kujerunsa da alawus ɗinsa, sai dai haƙoran ne aka baro a can.

Kano na da 'yan majalisa 40. Ƙaramar Hukumar Tarauni, da mazaɓunta goma, tun daga Gyaɗi-Gyaɗi Arewa da Gyaɗi-Gyaɗi Kudu, har Darmanawa, Daurawa, Babban Giji, Hotoro, Ƙauyen Alu, Unguwa Uku, Unguwar Gano da Tarauni kanta, tana da kujera guda a cikinsu. Wanda duk ya hau wannan kujera, ido ne aka aika ya duba wa jama'a dukiyarsu. Bari a duba yadda idon nan ya yi aiki a ranar da aka fi buƙatarsa.

RANAR WANKA

A watan Oktoban 2018 jaridar Daily Nigerian ta Ja'afar Ja'afar ta saki wasu hotunan bidiyo da ta ce suna nuna Gwamnan wancan lokaci, Dakta Abdullahi Umar Ganduje, yana karɓar bandir-bandir na dalar Amurka daga hannun 'yan kwangila, kuɗin da jaridar ta ce jimillarsu ta kai dala miliyan 5. Gwamnatin ta musanta, ta ce haɗa hotunan aka yi don a ɓata masa suna, kuma shi Ganduje bai taɓa amsa wannan zargi ba. Ba aikin wannan shafi ba ne yanke masa hukunci. Abin dubawa a nan shi ne Majalisa.

Da farko ta yi abin a yaba. Ta kafa kwamitin mutum bakwai a ƙarƙashin Baffa Babba Ɗan'agundi. Ranar 25 ga Oktoba Ja'afar Ja'afar ya bayyana a gaban kwamitin ɗauke da Alƙur'ani mai girma, ya tsaya a kan bakansa. Jama'ar Kano suka kasa kunne a gidajen rediyo, masu shayi da 'yan adaidaita sahu ba su da hirar da ta wuce wannan. Aka gayyaci Gwamna ya zo ranar 2 ga Nuwamba, bai zo da kansa ba, ya turo Kwamishinan Yaɗa Labarai, Malam Muhammad Garba, ya musanta a madadinsa. Kwanaki kaɗan bayan haka wata ƙungiyar lauyoyi ta garzaya Babbar Kotun Jiha, kotu ta ce a dakata. Ranar 6 ga Disamba Mai Shari'a Ahmad Badamasi ya yanke hukunci cewa zargin karɓar rashawa babban laifi ne, binciken sa aikin 'yan sanda ne da EFCC da ICPC, ba na Majalisa ba. Daga nan bincike ya tsaya cak. Gwamna kuwa sashe na 308 ya lulluɓe shi da rigar kariya, ba mai gurfanar da shi muddin yana kan kujera.

Masu kare Majalisa kan ce ai kotu ce ta ɗaure mata hannu. To, a karɓi wannan. Kotu ta ce kada ta binciki laifin mutum. Shin kotu ta hana ta kiran Ma'aikatar Ayyuka ta kawo jerin kwangilolin da aka bayar, da farashin kowace, da yadda aka zaɓi ɗan kwangila? Shin ta hana ta ɗaukar injiniyoyi su auna titi da kwalbati su ce ko aikin ya yi daidai da kuɗin? Idan da gaske ana yankar wani kaso daga kuɗin kwangila, ai ba daga aljihun ɗan kwangila yake fita ba. Ko dai a kumbura farashi, ko a rage siminti da rodi da kwalta. Ta kowace hanya talaka ne ke biya, kuma wannan ɓangare yana cikin sashe na 128 tsundum. An rufe ƙofa guda, amma tagogi goma na buɗe. Wa ya ji an leƙa ta ko ɗaya?

Batun bai mutu don Majalisa ta yi shiru ba. A 2023 Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Jiha ta sake tayar da shi, a watan Maris na 2024 Babbar Kotun Tarayya ta ce ita ma ba huruminta ba ne. A shekarar ce kuma sabuwar gwamnatin jiha ta shigar da tsohon Gwamnan da wasu mutane ƙara bisa zarge-zargen kuɗi. Wato sai da mulki ya canza hannu aka samu ƙarfin tambaya, kuma shi ya sa ɓangare guda ke cewa adalci ne, ɗaya ɓangaren na cewa bi-ta-da-ƙulli ne. Da Majalisa ta yi aikinta a kan lokaci, a bainar jama'a, da mai gaskiya ya wanke kansa, da mai laifi ya bayyana, da ba a bar mutanen Kano da zato da jita-jita ba.

GURGUWA A NAN, BAREWA A CAN

Wani zai yi zaton Majalisar nan nawa ce da ita a ɗabi'a. Ko kusa. Idan abu ya shafi buƙatar mai Gidan Gwamnati, barewa ma ba ta kamo ta.

A watan Mayun 2017 ta fara binciken Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na II, har da zargin yadda aka kashe kuɗin masarauta. Da wasiƙar Gwamna ta iso tana roƙon a dakata, bayan manyan ƙasa sun sa baki, nan take aka dakata. Idan akwai ƙamshin gaskiya a zargin, don me aka bari? Idan babu, don me aka fara? A watan Mayun 2019 ƙudirin ƙirƙiro masarautun Bichi, Rano, Gaya da Ƙaraye ya shiga Majalisa ya fito cikin kwana uku, Gwamna ya sa hannu ranar 8 ga wata. Bayan shekara biyar, ranar 23 ga Mayun 2024, wata Majalisar a ƙarƙashin wani Gwamnan, Abba Kabir Yusuf, ta rushe dokar masarautun, aka sa hannu a ranar. Ba ana maganar wane ne ya yi daidai a rikicin sarauta ba ne. Ana maganar sauri ne. Hula ta canza, jam'iyya ta canza, amma saurin amsa kiran Gwamna bai canza ba.

A watan Yulin 2021 Majalisa ta dakatar da Muhuyi Magaji Rimingado daga shugabancin hukumar yaƙi da cin hanci ta jiha, bisa dalilin wai ya ƙi karɓar akantan da aka turo masa daga ofishin Akanta Janar, a daidai lokacin da jaridu ke ruwaito cewa hukumarsa na bin diddigin wasu kwangiloli da ake alaƙantawa da makusantan gwamnati. Ashe dai Majalisa ta san yadda ake kafa kwamiti a yi aiki cikin gaggawa, in dai mai bincike za a bincika. A watan Yunin 2022 kuma ta amince wa gwamnatin da ba ta da sauran shekara guda a kan mulki ta ciwo bashin naira biliyan 10 don kafa kyamarorin tsaro. Bashi ne da 'ya'yan talakawa za su biya. Kwana nawa aka yi ana sauraron jama'a kafin a amince?

Kuma kada magoya bayan gwamnatin da ta biyo baya su yi dariya. A watan Agustan 2024 aka tono batun wata kwangilar sayen magunguna da aka ce an sa ƙananan hukumomi 44 su biya kamfani guda, har Gwamna da kansa ya ce ba da saninsa aka yi ba, ya ba da umarnin bincike. Wa ya fara tono maganar? Ba daga zauren Majalisa ta fito ba, a kafafen sadarwa jama'a suka fara jin ta. Haka bidiyon 2018, ɗan jarida ne ya fito da shi. Mutum 40 da ake biya albashi da alawus da motoci don su sa ido, sai ga shi mai riƙe da waya yana riga su gani.

INDA JIKI KE GAYA WA TALAKA

Duk wannan ba labarin manya ba ne da ya tsaya a Sakatariyar Audu Baƙo. Yana sauka har ƙofar gida a Unguwa Uku.

A 2019 aka shelanta ilimi kyauta kuma dole a Jihar Kano. Majalisa ta yi ta amincewa da kasafin ilimi shekara bayan shekara. A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, ya faɗa da bakinsa cewa yara sama da miliyan 4 da dubu 700 a ƙasa suke zama a makarantun gwamnati. Wannan adadi na gwamnati ne, ba na 'yan adawa ba. Benci ba ya ɓacewa a dare ɗaya, rufin aji ba ya yayewa a mako guda. Shekaru aka yi abin na lalacewa, kuma a duk shekarun nan akwai kwamitin ilimi a Majalisa, da shugabansa da mataimakinsa da kuɗin zagayen gani da ido. Me suka gani? Wa suka gaya wa?

A duba harkar lafiya. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke nan kan titin Zariya na Gwamnatin Tarayya ne, an gina shi don manyan cututtuka da koyar da likitoci. Idan ƙananan asibitocin unguwa na da magani da ma'aikata da wuta, mai zazzaɓi da mai naƙuda ba sa buƙatar cunkusa kansu a manyan asibitoci. Ƙananan asibitocin nan kuwa haƙƙin jiha ne da ƙananan hukumomi, kuma kuɗin ƙananan hukumomi shekara da shekaru ta asusun haɗin gwiwa da jiha yake bi, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Mutumin Tarauni nawa ne ya taɓa ganin takardar da ta nuna nawa ya shigo da sunan ƙaramar hukumarsa a shekara, nawa aka riƙe a sama, nawa ya iso?

Gadar Dangi da ta Hotoro an gina su, kowa na ganinsu, kuma sun rage cunkoso, wannan ba abin musu ba ne. Amma ba don Allah kaɗai mahukunta ke son gada ba. Gada ana ganinta daga nesa, ana yanka mata ƙyalle, ana laƙaba mata suna, kuma kwangilarta babba ce. Bututun ruwa a ƙarƙashin ƙasa yake, ba ya fitowa a hoto. Yashe magudanar ruwa kafin damina ba ya kawo shugaban ƙasa buɗe aiki. Aikin Majalisa ne ta auna, ta ce tsakanin wannan da wancan wanne ya fi damun jama'a, kuma nawa ne ainihin kuɗinsa. Idan ba ta auna ba, ba mai aunawa.

ME YA KAWO HAKA?

Dalili na farko, tikitin takara. Ɗan majalisa ya san ba talakan Darmanawa ne ya sa sunansa a takardar zaɓe ba, uban gidan siyasa ne. Wanda ya ba ka riga shi kake wa rawa. Na biyu, kuɗi. Majalisun jihohi sun daɗe suna zuwa da ƙoƙon bara wurin gwamnoni, har ta kai a gyaran Tsarin Mulki na 2010 su da kansu suka kasa ba da rinjayen da zai ba su 'yancin cin gashin kai ta fuskar kuɗi. Sai a 2018 aka sa hannu a kan gyaran, aka sake ƙarfafa shi a 2023. Bawan da aka miƙa wa takardar 'yanci ya mayar, wa zai tuhuma?

Na uku, kuma wannan mai ɗaci ne, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Jama'a da yawa sun mayar da ɗan majalisa mai raba shinkafa da kuɗin suna da na asibiti. Da asuba ƙofar gidansa cike take da masu buƙata, ba mai tambayarsa abin da rahoton Mai Binciken Kuɗi ya ƙunsa. Talauci ne ya jawo, gaskiya ne. Amma wanda ya karɓi kuɗin maganin yini ɗaya ya yi shiru a kan asibitin da ba magani, ya sayar da shekara huɗu a kan kwana guda. Shi kuma ɗan majalisar, daga ina zai samo abin rabawar nan in bai zauna lafiya da mai riƙe da baitulmali ba?

Ba kuma ana kiran Majalisa ta zama 'yar daba ba ne. An ga irin wannan a Kaduna a watan Yunin 1981, lokacin da 'yan NPN masu rinjaye suka tsige Alhaji Balarabe Musa na PRP bayan sun ƙi amince masa da kwamishinoni. Kano ma ta san yadda bincike ke zama makami tun binciken Muffett a kan kuɗin En'e, wanda ya kai ga murabus ɗin Sarki Sanusi na I a 1963. Binciken da ake zarowa don a sari abokin gaba, a mayar kube idan an shirya, ba shi ake nema ba. Ana neman wanda ake yi kowace shekara, a kan kowace ma'aikata, ko wane ne Gwamna.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga mutanen Kano. Littattafan tarihi sun kawo yadda wani mutum ya miƙe ya tambayi Halifa Umar ɗan Haɗɗabi inda ya samo ƙarin yadin da ya ɗinka riga, bai sa an kama shi ba, sai ya sa ɗansa Abdullahi ya yi bayanin cewa rabonsa ne ya ba mahaifinsa. A nan birnin Kano Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Diya'ul Hukkam don ya nuna wa masu mulki iyakarsu. 'Yan majalisar nan da Alƙur'ani akasarinsu suka yi rantsuwar kama aiki. Amana ce suka ɗauka, kuma akwai ranar da ba kotun da za ta ba da umarnin a dakatar da bincike.

ABIN DA YA RAGE WA JAMA'A

Mutanen Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni ba sa buƙatar jifa ko zagi. Suna da dattawan unguwa, da kwamitocin masallatai, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na iyayen yara, da malaman makaranta da lauyoyi da akantoci da ke zaune a cikinsu. Su gayyaci wakilinsu zama a fili, su yi masa tambayoyin da ke da amsa. Wace shekara ce ta ƙarshe da Majalisa ta tattauna rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi, kuma me ta yanke? Waɗanne ayyuka aka rubuta wa Tarauni a kasafin bara, nawa aka ware, nawa aka saki? A waɗanne kwamitoci yake, sau nawa suka kira kwamishina, ina rahoton? Da aka kawo buƙatar cin bashi, ya amince ko ya ƙi, kuma don me? Su nemi a riƙa zaman kare kasafi da na binciken asusu a gaban 'yan jarida, a watsa a rediyo kamar yadda ake watsa tarukan siyasa.

Wakilin da ya iya amsawa, ya ci albashinsa da guminsa. Wanda ya kawo buhun shinkafa maimakon amsa, to ya ba da amsar ke nan, sai a riƙe masa ita zuwa ranar da zai dawo neman ƙuri'a. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Dukiyar ta jama'a ce, mai gadin ma jama'a ke biyansa, kuma mai gadin da ɓarawo ya shiga ya fita yana minshari, ko dai a tashe shi ko a canza shi.

Allah ya isar wa talaka, ya ba masu riƙe da amana ikon sauke ta.